Bugu a Bangon Ɗakin Jego

Dagenham, London

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da duk mutanen gida. Ya ƙafar? Ina fata shan maganin kake yi, ba ajiye shi ka yi a bakin taga kana gaishe shi kowace safiya ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Da hannuna na rubuta, na ɗauki hotonta na turo maka, domin maganar da ke ciki ba ta faɗa da baki ba ce a gidan nan. Ka san ba a ambaton mutanen ɓoye a inda suke ji. Kai ma in za ka amsa ka rubuto, kada ka kira ni da zancen.

Autarka Nana Aisha tana nan ƙalau, jego na tafiya yadda ya kamata. Ina yi mata wanka safe da yamma da busasshen ganyen darbejiyar da na taho da shi, tana ihu tana cewa zan dafa ta, ni kuwa ko a jikina. Kunun kanwa ma sai na tsaya a kanta take sha. Angon nawa Affan kuwa ya yi kumatu, hancin nan naka ne sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsa. Ka san shekarun da aka yi ana jiran yaron nan, ka san ɓarin da ta yi har sau biyu. In na dube shi sai in ji gabana ya faɗi, don murna da tsoro gaba ɗaya.

To ga abin da ke damuna. Gidajen unguwar nan a manne suke da juna, bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta, gadon jaririn kuma a jikin bangon yake. Tun ran da na sauka nake jin ana bugu a cikinsa. Yakan fara kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, sai ya koma kamar ana daka a turmi can ciki, sannan wani gurnani ya biyo baya, bangon ya ɗauki rawa. Na ɗora tafin hannuna na ji shi har kafaɗa. Na ajiye kofin ruwa a kan durowa, na ga ruwan yana karkarwa da idona. Yaron sai ya zabura ya ware hannuwa ya tsala kuka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin. Ba ya yi sai da asuba da kuma goshin magariba. Malam, kai ka san su wa ke yawo a waɗannan lokuta, kai ka san dalilin da ya sa muke kwashe yara daga tsakar gida in rana za ta faɗi.

Na yi wa surukinka Abdul-Majeed magana kafin ya koma Manchester, inda aikinsa ya kai shi, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Ya ce, "Mama, pipes ne kawai. Heating ɗin next door ne, in ya kunna sai ya yi ta banging. Na riga na yi complain a council."

Na ce, "Shi bututun ƙarfen agogo gare shi da ya san magariba?"

Ya yi dariya ya ce, "E, Mama, agogo gare shi."

Raina ya ɓaci, surukuta ce kawai ta cece shi. Ita ma 'yar taka bayansa ta bi. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Tsoro nake ji, Malam, ba na jin kunyar faɗa maka. Ban yarda da abin da ke bayan gadon yaron nan ba.

Ka gaida Inna da su Liman. Allah ya ƙara girma.

Taka,
Yelwa


Tudun Wada, Zariya

Zuwa ga Hajiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma fahimta. Muna nan lafiya lau, sai kewa. Ƙafa da sauƙi. Magani ina sha in na tuna.

Ki gaishe mini da wannan ɗan ƙwacen da ya raba ni da matata, ya bar ni da tuwon saye. Ki gaya masa hancin aro ne na ba shi, in ya raina ya maido.

Game da bugun bango, ina roƙonki ki kwantar da hankalinki. Na ƙare ƙuruciyata a reluwe, na san ƙarfe in ya sha zafi yana magana, in ya huce ma yana magana. Asuba da magariba kuwa lokutan sanyi ne, ba abin mamaki ba ne mutum ya hura wutarsa a cikinsu. Kuma ban manta da shekarar da kika tara mana unguwa a kan wai ana nishi a bayan shago ba, aka je da fitila aka tarar akuyar Liman ce ta maƙale. Ba gori nake yi ba, tuni ne.

Duk da haka ban ce ki bar addu'a ba. Ki riƙa tofa masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma. Wannan ya ishe shi tsari daga abin da muke gani da wanda ba mu gani.

Sai shawara guda biyu. Ta farko, ki shiga wurin maƙwabtan nan ki gaishe su. Bai dace ki share makonni bango ɗaya da mutane ba ki san fuskarsu ba, kina zarginsu da ajiye baƙi. Gani ya kori ji. Ta biyu, ki tuna gidan surukinki kike. Jego kika je yi, ba mulki ba. Na san halinki in kin sa abu a gaba.

Ki gaida Nana, ki ce ina sa mata albarka. Allah ya raya, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Maharazu


Dagenham

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na ga takardarka, na ga kuma har yau akuyar Liman ba ta mutu a bakinka ba. Ba komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na bi maganarka, na zuba dambun nama a kwano na shiga wurin maƙwabtan. Ashe Musulmi ne, mutanen zangon Ghana, har Hausa suke ji, irin tasu da ke mai da mace namiji. Matar sunanta Amamata, tana aikin kula da tsofaffi. Da ƙyar ta buɗe ƙofar, sai da ta ji sallamata. Ta ce, "Mama, sannu, shigo. Yarinyanki ya haihu lafiya? Ya samu namiji? Allah ya raya shi."

Mijinta Issahaku dattijo ne, ɓarin jikinsa ya shanye, yana zaune a kujera an lulluɓe shi da bargo. Na gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago, ya amsa kamar wanda aka taso daga barci, ya sake sunkuyar da kai. Gidan da zafi, tagogi duk sun yi gumi. Ta kai ni kicin ta nuna mini wani tsohon akwatin ƙarfe a jikin bango, wai shi ke dafa ruwan da ke zagaya ɗakunansu. Saman bangon ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ta ce, "Boiler ne, Mama, ya tsufa. Na kira landlord, na kira, ba ya picking. In na kashe shi, mai gidana ba ya iya sanyi. Ki roƙa mini surukinki kada ya ƙara reporting, landlord zai kore mu, ina zan kai wannan tsoho? Wani ɗan'uwana a Deptford, Shamsudeen, ya iya gyara, zai zo ya duba."

Har na fara jin kunyar kaina, na ce ashe dai Malam ya yi gaskiya. Sai ta dafe goshi ta ce, "Ni ma kaina yana ciwo kullum. In na je aiki sai ya tafi, in na dawo gida sai ya dawo."

Ka ji fa. Ciwon da ya san ƙofar gida, yake tsayawa a bakinta ya jira mutum. Ni ma kwanakin nan da ciwon kai nake tashi, Nana ma haka, ban dai gaya maka ba ne. Surukinka kuwa da ba ya kwana sai ƙarshen mako, garau yake. Wane irin ƙarfe ne ke zaɓen masu jego da marasa lafiya?

Saboda haka na ɗauki mataki. Akwai wata kafa a ƙasan bangon ɗakin, an rufe ta da raga, sanyi na shigowa ta nan kai tsaye kan mai ɗanyen jiki. Ban san hikimar Bature ba da zai gina ɗaki ya huda shi da gangan. Na toshe ta da tsummoki, na bi gefen tagogi da ƙasan ƙofa na cusa zannuwa. Unguwarzomar asibiti da ta zo dubiya da hantsi ta ce ɗakin ya yi zafi, a buɗe taga. Na ce to. Tana fita na mayar na rufe. Yarinya ce, ko haihuwar fari ba ta yi ba.

Ina kuma yin turaren tazargade da habbatus sauda a ɗan kaskon lantarki. Ranar farko wani farin faifai da ke manne a rufin ɗaki ya kama ihu, Nana ta kaɗa masa tawul ya yi shiru, ta ce hayaƙi ne ba ya so. To akwai ƙaninsa a jikin bango, kusa da gadon yaron. Shekaranjiya da magariba, bugun na farawa, sai shi ma ya ɗauki kururuwa, alhali ko kunna kaskon ban yi ba. Na tuna jaki ba ya kuka sai ya ga abin da ya gani. Affan ya firgita har ya shiɗe don kuka. Nana tana bayi ta ɗaga murya, "Mama, mene ne?" Na ce turarena ne, don kada in tsorata mai jego. Ta ce, "Ki buɗe window." Na zare abin daga bango, na cire masa batir, na naɗe shi a bargo na tura ƙarƙashin akwatina. Tun daga nan yaro ya samu barci.

Ka sa Liman ya yi mana saukar Alƙur'ani. Ba wasa nake yi ba.

Ka huta lafiya.

Taka,
Yelwa


Tudun Wada

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki har sau uku, kuma wannan karon ban yi dariya ba. Na janye maganar akuya.

Liman ya tara almajiran ilminsa manya, an yi sauka, an yi sadaka. Wannan an gama.

Amma ki saurare ni. Ban san abin da ke gidan nan ba, ban kuma ce na sani ba. Abin da na sani shi ne, ciwon da ke sakin mutum in ya fita, maganinsa fita. Fausia 'yar ƙanena tana Whitechapel, kusa da babban masallaci, na yi magana da ita, ta ce ɗaki na nan a share. Ki ɗauki Nana da yaron ku koma can har a gyara abin maƙwabta, ko ƙarfe ne ko wanin ƙarfe.

Na biyu, abin da kika cire daga bango ki mayar. Ba ke kika kafa shi ba, ba ki san aikin da aka ba shi ba. Kuma ki gaya wa Nana gaskiya cewa ba turare ya sa shi kuka ba. 'Yarki ce, amma gidanta ne, ɗanta ne.

Wani abu kuma. Na san rubutunki tun kina malamar Hausa a firamare, layinki a miƙe yake kamar an ja da zare. A takardar nan ya karkace, ƙarshenta da ƙyar na karanta. Jiya a waya na tambaye ki abu ɗaya sau biyu kina amsa mini wani daban. Hankalina bai kwanta ba.

Ki amsa mini da wuri. Allah ya tsare ku.

Naki,
Maharazu


Malam,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, kaina ne.

Maganar Whitechapel ba za ta yiwu ba. Kai namiji ne, ba ka san wannan ba. Wa ya taɓa ganin mai jego a titi kafin arba'in, da ɗanyen jiki, da ɗanyen goyo, cikin sanyin da har ruwan kwata ya daskare? In sanyi ya shige ta yanzu, ya shige ta ke nan har tsufa, ni za a zaga. Uwata ba ta fitar da ni ba, ni ma ban fitar da ko ɗaya cikin yayyenta ba. Kwanaki kaɗan suka rage. Ran arba'in da kaina zan kai su wurin Fausia.

Ita ma Nana jiya ta ce tana son ta ɗan taka zuwa shago ta sha iska, wai ɗakin yana juya mata. Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ta bi ta kaina. Ta ce, "Mama, please, I can't breathe a ɗakin nan." Na ce jinin jego ne ke hawa mata kai, na ƙara mata kunu da yaji. Ta sha ta amayar. Ba ta ƙara musu ba, ta kwanta.

Abin bangon zan mayar in surukinka ya dawo ran Juma'a. Na neme shi ɗazu na manta inda na sa batirin.

Mutumin Deptford ya zo ya taɓa akwatin. Bugun ya daina. Da na ce sauka ce ta ci. Amma yanzu wani gunji ne a hankali, ba ya tsayawa, wuni yake yi, in na kwanta ina jin sa a haƙarƙarina. Bangon ɗumi gare shi kamar jikin mai zazzaɓi. Amamata ban gan ta ba tun jiya, ko talabijin ɗinsu ba na ji.

Malam, ga abin da na kasa faɗa. Affan ya daina kuka. Da na yi murna, na ce yaro ya samu lafiya. Yanzu sai an tashe shi, in an ba shi nono ya ja sau biyu ya saki. Na yi masa wanka da safe, ruwan nan da yake tsala ihu in ya taɓa shi, yau ko motsi. Ya buɗe ido ya dube ni ya rufe. Jikinsa laƙwas. Ga kumatun jawur kamar mai ƙoshin lafiya, shi ya sa na kasa ganewa.

Ina tsoro. Ina ganin sun gaji da bugu ne sun shigo.

Yau kafin magariba zan haɗa mu mu uku a ɗaki ɗaya, in ƙara toshe ko'ina, in ɗora shi a ƙirjina in yi ta karatu. In wani abu zai ɗauke shi sai ya fara da ni.

Barci nake ji sosai. Ka gaida

Yelwa


Yelwa,

Salamu alaikum. Na kira ki, na kira Nana, ba wanda ya ɗauka.

Tun da na aure ki ban taɓa ce miki na umarce ki ba. Yau na ce. Na umarce ki, da haƙƙin auren da ke tsakaninmu, da zarar idonki ya sauka a kan takardar nan ki ɗauki yaron ki fita waje. Kada ki nemi mayafi, kada ki nemi takalmi. Ki ja Nana ko a ƙasa ne. Arba'in ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. In zagi ne a zage ni.

Na tona miki asiri, na kira Abdul-Majeed na karanta masa takardunki duka. Bai bari na kai ƙarshe ba ya kashe wayar, ya ce zai kira motar asibiti. Ki yi fushi da ni daga baya, ina nan.

Ki fita, Yelwa. Don Allah ki fita.

Maharazu


Daga asibiti, London

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum Baba, ina wuni, ya jiki, ya hankali. Na san Abdul-Majeed ya gaya maka muna raye, amma ya ce ka nemi a rubuto maka komai dalla-dalla. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannuna bai gama dawowa ba.

Mama ta ga takardarka. Ta ce ƙarar wayar ce ta yi ta damunta har ta buɗe ido, ta karanta, ta yunƙura ta tashi ƙafafu suka ƙi. Da rarrafe ta sauko matakala, Affan a ƙirjinta, ta riƙe zanin goyonsa da haƙori. Ta zare tsummokin ƙasan ƙofa ta buɗe, ta fito titi kai ba ɗankwali, daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Wani maƙwabcinmu na tsallaken titi, Ephraim, yana parking ya gan ta. Ta miƙa masa yaron, ba ta da Turancin da za ta yi masa bayani, sai nuna sama take tana kiran sunana. Ta juya za ta koma ciki da rarrafen, ya riƙe ta, ya ba matarsa Affan, ya hau ya sauko da ni. Ni ban san an yi ba. A cikin ambulance na farka.

Baba, ba aljanu ba ne. Boiler ɗin maƙwabta ne ya lalace yana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Gidajenmu tsofaffi ne, bututun hayaƙinmu ɗaya da nasu, ya tsage a ciki, ta nan take shigo mana ɗaki. Bugun da Mama take ji alamar lalacewar ce. 'Yan kwana-kwana sun ce abin da ta cire daga bango aikinsa ke nan, ya yi ihu in ya ji gubar. Kafar da ta toshe kuma ita ce hanyar da iska mai kyau ke shigowa.

Sun fasa ƙofar maƙwabta. Baba Issahaku ya rasu a kujerarsa, Allah ya jiƙansa. Anti Amamata an same ta a kicin a ƙasa, tana nan hawa na sama da mu, ta farfaɗo jiya. An yi jana'izarsa ba ta sani ba.

Affan yana ɗakin jarirai, an sa masa oxygen. Ya buɗe ido, yana motsa ƙafa. Likita ta ce ya tsallake, amma ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta sani ba. Irin wannan gubar tana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri, tana iya barinta. Sai ya fara zama, ya fara tafiya, ya fara magana za a gane.

Baba, ban san yadda zan yi da Mama ba. An sallame ta amma ta ƙi tafiya wurin Anti Fausia. Tana zaune a kujerar corridor, ba ta ci, ba ta shiga inda Affan yake, ta gilashi take leƙensa. Abdul-Majeed ya gaishe ta ta rufe fuska. Ni kuma in na dube ta sai in tuna ta tsaya a bakin ƙofa ta hana ni fita, raina ya yi baƙi ƙirin. Sai kuma in ga gwiwoyinta duk sun saɓule saboda matakalar nan. Ni ma na ji ihun abin da kunnena, na yarda turare ne don na gaji, ban fito na duba ba. Har yanzu ban ce mata komai ba, mai daɗi ko marar daɗi.

Ka yi mana addu'a. Ka yi wa Affan addu'a.

'Yarka,
Nana Aisha


Whitechapel

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara, wurin Allah da wurinka.

An sallami Affan, muna gidan Fausia. Yana shan nono, yana kuka. Na tambayi likitar ta bakin Fausia, yaushe za a sani. Ta ce sai a hankali. Kullum ina tafa hannu a bayan kunnensa in ga ko zai juyo. Wani lokaci yana juyowa.

Na gaya wa Nana a canza mini tikiti in dawo gida, don ban ga da wane ido zan ci gaba da zama ba. Yau da safe ina zaune a gefen gado ta shigo da shi, ta ce, "Mama, juya." Na juya. Ta ɗora mini shi a baya, ta ɗaura zanin da hannunta, ta ja ta ƙulle tamau, ta fita ta bar mu. Tun da muka bar gidan can ban taɓa shi ba sai yau.

Saboda haka ina neman izininka in ƙara kwana, iya abin da takardar zamana ta yarda. Ka ci gaba da haƙuri da tuwon saye. Yana bayana yanzu da nake rubutun nan, ina jin numfashinsa a wuyana, ina ta kiran sunansa a hankali ko zai amsa.

Taka,
Yelwa